Fuskar da Na Kawar wa Yayarki

Kura

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta ko bayan kin sauka. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa.

Na cusa ta a aljihun jakarki ne ban gaya miki ba, don na san halina. In da baki zan yi maganar nan, kafin in kai tsakiya na mayar da ita lacca, ke kuma ki ce "to, Umma" ki tashi.

Matan unguwa sun gama shigowa yi mini murna. 'Yar Hajiya za ta Vietnam, za ta taimaki iyayen yara masu naƙasa su san hanyar asibiti da makaranta da ofisoshin da ke riƙe da haƙƙinsu. Wata ta ce ai gado kika yi. Na yi murmushi na karɓa. Na daɗe da ƙwarewa a karɓar yabon da ba nawa ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Yayarki Hajara saura wata biyu ta haihu. Haihuwar fari ce, kuma kin san a gaban uwa ake wankan jego. Inna da ta rene ta ta rasu. Ke da kike fassara mana magana kin tafi. Saura ni, wadda ta haife ta, kuma shekara talatin ke nan ban taɓa yin hira da ita mu biyu ba. Kin girma kin tarar da abin haka, ba ki taɓa tambaya ba. Gara ki ji yadda aka yi kafin ki shiga gidajen mutane da takarda a hannu.

Ban san komai game da Vietnam ba sai abin da kika faɗa mini, cewa ƙauyukan da za ki yi aiki shinkafa suke nomawa cikin ruwa, kuma sau da yawa kakanni ke riƙon jikoki. Wato kin tsallake teku don ki je Bunkure, yankinmu. Harshensu da dokokinsu can za ki koya. Ni abin da na sani shi ne yadda uwa ke ɓoye ɗanta, don na yi.

Hajara na da shekara ɗaya da wata takwas sanƙarau ya kama ta, a tsakiyar zafi, lokacin muna gidajen ma'aikata a Kadawa. Ta tashi, muka yi sadaka. Bayan sati uku na lura ba ta waiwayowa in an kira ta. Na saki faranti a bayanta. Na saki wani. Sai da na lotsa farantai uku cikin kayan aurena, tana zaune tana wasa da murfin kwalba abinta. Likitan da muka gani a birni, wani dattijo mai haƙuri, ya ce jin ya tafi ba zai dawo ba, amma kanta lafiya lau. Ya ce mu fara yi mata magana da hannu tun daga ranar, mu riƙa kallon fuskarta in muna magana, in ta kai shekara shida akwai makarantar kurame. Na rubuta duk abin da ya faɗa a littafina, da kyakkyawan rubutu. Ni ce fa mai digirin noma daga Zariya, malamar gona ta mata a duk yankin noman ranin nan. Rubuta shawara ba ya ba ni wuya.

Kin san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi, in an tashi yaye a kai wa kaka. A jami'a na yi wa al'adar nan dariya har na gaji. Kafin ciwon, Hajara kullum tana kafaɗata, ina kiran sunanta gatsal a gaban kakarku ta wajen uba, ana ta salati. Bayan ciwon sai ga ni na zama Bahaushiyar asali. Na kai ta yaye wurin mahaifiyata Inna, a ƙauyenmu bayan Bunkure, ban koma na ɗauko ta ba. In na je sai in kawar da fuska in ce, "Ina yarinyar nan?" Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, wai ashe boko bai cinye ni ba.

Babanku, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya ya tambaye ni yaushe za a dawo da ita. Na ce al'ada ce. Ya dube ni ya ce, "Yaushe kuka shirya da al'adar?" Bai ƙara ba. Ina jin shi ma abin ya zo masa da sauƙi.

Akwai abin da na ƙi barin kaina ya yi tunani a kai. Ɗan fari mai ji, ko uwa ta kawar da fuska, yana jin muryarta a tsakar gida, yana jin ta tana tambayar ko an ba shi abinci. Kunyar ba ta raba su da komai. Yarinyar da ba ta ji kuwa fuska kaɗai gare ta. Likita ya ce a kalle ta. Ni kuma cikin duk al'adun Hausa na zaɓi guda ɗayar da ta ce kada a kalla, na riƙe ta da hannu biyu.

Don haka in kin shiga gida aka ce miki "mu haka muke yi a nan", kada ki raina, kada kuma ki haɗiye. Ki zauna ki lura wa al'adar ke yi wa aiki. Riƙon kaka shi ya ceci Hajara, don Inna ba ta taɓa karanta ko harafi ɗaya ba amma cikin wata shida ita da yarinyar sun ƙirƙiro hannun da suke zance da shi, duk gidan ya koya. Kunyar 'yar fari kuwa ni ta ceta, daga tambayar matan ma'aikata. A waje duk al'ada ce. Sai kin daɗe a gida za ki gane wadda ke rufa wa yaro asiri da wadda ke rufa wa uwarsa.

Shekarar da Hajara ta cika shida, wata ƙungiyar agaji ta zo tana son sunayen yara masu naƙasa a yankinmu, don a kai wasu makaranta, a gwada kunnen wasu, a ba wasu keke. Suka nemi malaman gona tunda mu muka san gidaje. Aka ba ni fom da biro da babur mai kai ni. Aikinki ke nan fa, Safiya, na riga ki yin sa, kuma ga yadda na yi shi.

Nakan isa da hantsi, daidai lokacin da mata ke tsakiyar turara shinkafa, wuta na ci, tukunya na tafasa, ba mai iya ɗaga kai. In tsaya a bakin zaure, maƙwabta na leƙe ta katanga, in ɗaga murya in ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" A ce babu. In rubuta babu. Wani lokacin ina jin motsin yaron a ɗaki ana ce masa ya yi shiru. Gida bayan gida, babu. Na koma ofis na rubuta rahoto mai kyau da Turanci, na ce jahilci da camfi ne ke hana iyaye fito da 'ya'yansu. An yaba rahoton sosai.

A wata unguwar Maguzawa can gefen babban kwalbatin ruwa, na tarar da wata mata mai suna Talatu tana shanya shinkafa. Kowa ya san tana da ɗa da ba ya tafiya. Na yi mata tambayata. Ba ta daina baza shinkafar ba ta ce, "Malama, ba ke ce 'yar Inna mai turara shinkafa ba? Ta bayan Bunkure?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "To ai mu ba mu iya takardar nan ba. Ki fara rubuta taki mu ga yadda ake cikawa."

Matan da ke wurin ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na ce mata wannan wata magana ce daban. Ta ce, "Haka ne. Namu naƙasassu ne, taki kuwa 'yar fari ce." Na hau babur na tafi. A layin gidanta na rubuta babu.

Sunan Hajara bai shiga takardar ba. Takardar na jakata wata biyu, ina kwana da ita ina tashi da ita. In na rubuta, shugabana zai gani, matarsa za ta ji. Yaran da aka samu, 'yan kaɗan, an kai su makaranta a shekarar. Ɗan Talatu bai sami keke ba, Hajara ba ta shiga aji ba, kuma hannu ɗaya ne ya hana su duka biyun.

Ki ji ni da kyau a nan. Kada ki yi tambayar nan a bakin ƙofa. Kada ki yi ta ranar farko. Ki san lokacin da matan wurin ke da hannu, in lokacin dashen shinkafa ne ki jira, ko ki tuɓe takalmi ki shiga ruwan. Ki tambayi sunan yaro kafin ki tambayi ciwonsa. In an ce miki babu, ki gode ki sha ruwansu ki dawo wani satin, domin babu ta farko ba amsa ba ce, gwada ki ake yi. Kuma kada ki taɓa rubuta jahilci a rahotonki. Wadda ta fi kowa ɓoye ɗa a duk yankin nan ita ce ta fi kowa karatu. In kin ga gida mai tsabta da littattafai da uwa mai iya magana da jami'ai, wadda ta ce ita ba ta buƙatar komai, ki ƙara zama kaɗan a gidan.

Na kai Hajara makarantar daga baya, tana da shekara goma sha ɗaya, lokacin da aka yi wa shugaban nawa canjin wurin aiki. Ki lura da dalilin. Na je ƙauye da akwati da yunifom na ce wa Inna gobe za a tafi. Inna na tsaye da ludayi a hannu ta ce, "Kin tambaye ta?"

Na ce, "Inna, ta yaya zan tambaye ta?"

Ta ce, "Nima abin da nake so in ji ke nan, 'yar boko."

Aka tafi da ita. Ta fi kowa girma a ajin, hannun da ake koyarwa a can daban yake da na gida, ba wanda ya shirya ta, ba wanda ya bi ta. Zango biyu ta yi ta ƙi komawa. Makarantar ba ta da laifi, waɗanda suka shiga da wuri sun fito da sana'a da karatu. Ni ce na ɗauka in an kai yaro bakin ƙofa an gama. Za ki ga irin wannan a aikinki, za a ce a rubuta yara nawa aka haɗa da asibiti ko makaranta. Ki rubuta musu. Amma bayan wata uku ki koma ki ga ko yaron na nan, ko akwai mai raka shi, ko an nemi shawarar tsohuwar da ke yi masa wanka kullum. Ita ce ke da yaron, ko da sunanta ba ya cikin fom.

Sai ke. Kina da shekara bakwai na fara tura ki hutu ƙauye, kika dawo hannunki na zuba kamar na Inna. Na ga hanya ta samu. Daga nan duk abin da zan faɗa wa Hajara sai in faɗa miki, ina kallonki. Ki gaya mata ta gaishe da baƙi. Ki gaya mata an kawo mata atamfa. Ke kika gaya mata rasuwar babanku, kina 'yar shekara goma sha huɗu, ni ina zaune a gefe ina jan carbi. Da mijinta ya zo neman aurenta, shi ma kurma, mai gyaran injin ban ruwa, ke kika tambaye ta ko tana so. Mutane na cewa Safiya akwai tausayi, shi ya sa ta karanci wannan fanni. Ni na san aiki na ɗora miki tun kafin ki san ana iya ƙi. Ki yafe mini wannan.

Ba na jin kin tuna, amma kina ƙarama kin taɓa ce mini, "Umma, kin san sunanki a hannu?" Kika nuna mini na kowa. Na Inna juya ludayi. Na babanku murɗa ƙarfen buɗe ruwa. Nawa kuwa, tafin hannu a kumatu, a tura fuska gefe. Kika yi shi kina dariya don ba ki san me yake nufi ba. Na ce miki ya yi kyau.

Watan jiya da muka raka ta awo kin ga abin da ya faru. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke ce mahaifiyarta? Tambaye ta ko ɗan na motsi sosai." Na juya na kalle ki, ke kika kalli Hajara, ta ba ki amsa, kika ba ni, na ba nas. Magana ta zaga mutum uku a kan cikin da ke jikin mace ɗaya. Nas ɗin ta ce, "Ranar haihuwa wa zai zo da ita?" Ranar kuwa kina Vietnam.

A can ke ma sai da tafinta za ki yi magana. Zai zama da sauƙi ki riƙa kallonsa, don shi ne mai jin ki. Kada ki yi. Ki kalli uwar, ki kalli yaron, ko da ba ki gane kalma ɗaya ba. Kuma in kin ga an tsayar da ƙanwa ko ƙane yana fassara wa iyaye maganar likita, ki nemi babba ya karɓe shi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Ranar da kika tafi Abuja karɓo takardunki, na shiga mota na je ƙauye ni kaɗai. Tun kafin nan na yi ta tambayarki hannu ɗaya ɗaya kamar wasa, yaya ake cewa zo, yaya ake cewa gida, yaya ake cewa wanka. Na haɗa su na yi ta maimaitawa a gaban madubi.

Na same ta a tsohon gidan Inna, inda kawunku yake da iyalinsa, ita da matarsa Baba Lami suna kwashe shinkafa daga tukunya. Ta gan ni ba ke, ta leƙa bayana tana neman ki. Na tsaya a gabanta na yi abin da na koya. Lami ta ajiye kwando ta ce, "Malama, hannun naki in'ina yake yi."

Amma Hajara ta gane. Ta goge hannu a zaninta ta fara ba ni amsa, da sauri, doguwa. Lami ta fara fassarawa, ni kuma ban san lokacin da na juya ina kallon Lami ba. Lami ta ce, "Ni kike kallo? Ni ce mai cikin?"

Na mayar da idona. Ban taɓa sanin yayarki na ɗaga gira ɗaya in tana magana ba, irin yadda nake yi.

Ga abin da ta ce, kamar yadda Lami ta ba ni, kuma na tabbata ta rage masa zafi. Ta ce ba za ta zo Kura ba. A gidana akwai fanka da tayil da talabijin, amma in ta zo kwana arba'in za ta yi a zaune kamar kujera, mutane na shigowa barka suna motsa baki a kanta. A nan kuwa har mai kawo itace yana yi mata tsiya tana ramawa. Ta ce in naƙuda ta tashi a Kura, wa zai gaya wa nas inda ke mata ciwo? A nan Lami za ta bi ta har ɗakin haihuwa, sun riga sun je sun yi magana da ma'aikatan asibitin. Wato abin da ake biyan ki ki je ki yi a Vietnam, ita ta riga ta shirya wa kanta, ba fom.

Na ɗauka magana ta ƙare, na fara gyara mayafi. Sai Hajara ta taɓa kafaɗata ta nuna ɗakin Inna. Lami ta ce, "Wai ɗakin nan ba kowa. In wankan kike so ki yi mata, ki zo nan ki yi."

Na ce a tambaye ta ko za ta koya mini hannu in na zo. Ta ɗaga girar nan. Lami ta ce, "Wai ita mai jego ce, ba ta da lokaci. Ki koya a wurin mutane yadda kowa ya koya." Sai Hajara ta ƙara wani abu, ta zana waya a tafin hannunta ta kife ta. Wannan ban jira fassara ba. Kada in kira ki a bidiyo ki tsaya a tsakaninmu.

Lami ta ce, "Kwana arba'in fa, Malama. Ba fanka, ruwa a rijiya. Ga kunun kanwar da kika yi shekaru kina zagi."

Na ce kanwar dai za a rage, wannan ba zan janye ba. Sauran na yarda.

To haka ake ciki. Na sayi itace, na sa a gyara rufin ɗakin. Zan tafi sati biyu kafin lokaci, don kada ranar ta zo ina in'ina. Ban san ko za ta yafe mini ba, ban tambaya ba, ban ma san yadda ake faɗinsa ba tukuna. Abin da ta ba ni ɗaki ne, kuma ya fi abin da na ba ta.

Roƙona gare ki ɗaya ne. Na san kaina. Ba za a yi kwana uku ba zan gaji da zama bebiya a tsakar gida, ana hira ana dariya ban san a kan me ba, wataƙila a kaina. Zan laɓe bayan rumbu in kira ki, in ce minti ɗaya kawai, ki gaya mata kaza. Ki gaishe ni, ki tambaye ni lafiyar jariri, ki ce mini a'a. In na yi fushi ki bar ni in yi. Ke ki kula da iyayen da aka tura ki wurinsu, wannan uwar ki bar wa yayarki da Lami.

Ki riƙe salla a kan lokacinta ko da ke kaɗai ce mai yi a garin. Ki lura da abin da kike ci, ki nemi inda Musulmin wurin ke sayen nama. Ki yi wa tsofaffinsu ladabin da kike yi wa namu. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa aikinki ya amfani yaran mutane, ya sauki yayarki lafiya, ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam.

Mahaifiyarki, kuma mahaifiyar Hajara.